Yadda ake saita tmpfs a Linux, daga kernel har fstab, ga mai ƙaramar RAM

Assalamu alaikum ƴan uwa masu harkar Linux, musamman na nan Niamey da waɗanda ke Tahoua. Yau maganar tmpfs za mu yi, wato ka yanki wani sashe na RAM ɗin kwamfutarka ka mayar da shi wurin aje fishiye, wato fayil, ka shiga ka rubuta ka goge kamar kowane dosiye, wato folda, amma a RAM abin ke zama ba a diski ba. Abu ne mai sauƙi, layi ɗaya ya isa a ɗora shi. Sai dai galibin bayanan da ake samu a intanet an rubuta su ne don masu RAM giga 32 da wutar da ba ta ƙiftawa, mu kuwa mafi yawanmu tsohuwar mashin ce ta hannu mai giga 4, batir ya mutu tuntuni, ga kuran lokacin zafi yana iya ɗaukewa kana tsakiyar aiki, shi ya sa nake ganin dole a yi bayanin daidai da halin da muke ciki.

Da farko a gane mene ne shi. Linux kullum yana riƙe kwafin fishiyen da ka buɗe a cikin RAM don kada ya yi ta komawa diski, wannan ma'ajiyar ita ake kira page cache. To tmpfs ba wani sabon abu ya ƙirƙiro ba, wannan ma'ajiyar ya ɗauka ya ce ga fishiye amma babu diski a bayansu. In RAM ta matse, kernel, wato zuciyar Linux da ke kula da RAM da na'urori, na iya tura wasu shafukan zuwa swap, wurin da ake sauke wa RAM kaya in ta cika, yawanci a diski, in akwai swap, in babu suna nan zaune cikin RAM har ka goge su ko ka sauke dosiyen ko mashin ta mutu. Kamar allo ne na makaranta, ka rubuta ka karanta ka wanke, ba wanda ke aje takardar gonarsa a kan allo. Kamfanin Sun ne ya fara fito da tmpfs a tsarinsa na SunOS, Linux ya samu nasa a kernel 2.4 da ya fito a watan Janairun 2001, kuma lambobinsa na cikin mm/shmem.c ga mai son ya leƙa.

Kuma ko ba ka taɓa saita komai ba kana amfani da shi. Buɗe taminal ka buga

findmnt -t tmpfs

za ka ga /run, da /dev/shm, da /run/user/1000 in kai ne mutum na farko da aka buɗe wa akawun a mashin ɗin. A Fedora da Arch har /tmp tmpfs ne, Fedora tun sigar 18, Debian kuma ta bi sahu a sigar 13 da ta fito a Agustan 2025. Wanda ke da rutar da ke tafiya da OpenWrt shi ma /tmp ɗinsa a RAM yake, har /var ma can aka juya shi.

Akwai ƴan uwansa biyu da mutane ke rikitawa da shi kuma ya kamata ka san bambancin kafin ka zaɓa. Na ɗaya ramfs, shi ba ya da iyaka kwata-kwata kuma ba ya zuwa swap, ko ka ba shi size= ba ya kulawa, za ka yi ta zuba mishi har RAM ta ƙare mashin ta sandare, shi ya sa ba a barin kowa ya rubuta a ciki sai root, wato akawun mai cikakken iko a mashin. Na biyu tsohon ramdisk, irin /dev/ram0, wannan diski ne na ƙarya mai tsayayyen girma, sai ka yi mishi mkfs ka sa ext4 ko wani, kuma in ka goge fishiye a ciki ba lallai RAM ɗin ta dawo maka ba. tmpfs ya fi su duka biyu ga aikin yau da kullum, yana girma yana raguwa daidai da abin da ke ciki, kuma yana da rufi da za ka sa mishi.

Yanzu kernel. In Debian ko Ubuntu ko Fedora ko Mint kake amfani da ita, an riga an kunna maka, tabbatarwa kawai za ka yi:

grep TMPFS /boot/config-$(uname -r)

grep tmpfs /proc/filesystems

Na farkon zai nuna CONFIG_TMPFS=y da ƴan uwansa, na biyun zai ba ka layi mai nodev tmpfs, da wani mai devtmpfs. A Arch ba a aje config a /boot, sai ka yi zgrep TMPFS /proc/config.gz. In ka ga =y ka tsallake maganar haɗa kernel, ba ka buƙatarta.

Wanda ke haɗa kernel da kansa, ɗalibin da ke aiki da Buildroot ko Gentoo ko wani ƙaramin allon ARM, shi ne zai tsaya nan. Ka shiga dosiyen kernel ka buga make menuconfig. Ka gangara File systems, ka shiga Pseudo filesystems, a nan za ka ga layin da ya fara da Tmpfs virtual memory file system support, ka danna y. Lura, wannan ba ya karɓar m, ba a yin shi modul, ko yana cikin kernel ko ba ya ciki. In ka duba ba ka ga layin ba sam, to matsalar daga sama take, domin CONFIG_TMPFS ya dogara da CONFIG_SHMEM, shi kuma yana ɓoye a General setup ƙarƙashin zaɓin masana, wato sai an kunna EXPERT ake iya kashe shi, kuma irin config ɗin da ake matsewa don ƙananan na'urori sukan kashe shi. Hanya mafi sauri a cikin menuconfig ita ce ka danna / ka rubuta TMPFS, zai nuna maka inda yake da abin da ya dogara da shi da wanda ba a kunna ba, wannan maɓallin / ɗin wallahi yana rage wahala sosai, ku saba da shi.

Abin da zai iya ruɗa ka shi ne in SHMEM a kashe yake, kernel ba ya ƙin umarnin mount -t tmpfs, karɓa yake yi amma ramfs ne yake ba ka a ƙarƙashi da sunan tmpfs. Kenan ka rubuta size=64m ka saki jiki, alhali babu wani rufi. A allo mai RAM mega 256 wannan kaɗai ya isa ya kashe na'ura cikin dare in log na ta taruwa.

Ƙarƙashin babban zaɓin akwai ƙanana. TMPFS_POSIX_ACL da TMPFS_XATTR ka kunna su duka in systemd, manhajar da ke tayar da sabis-sabis lokacin kunna mashin, kake amfani da shi, su kansu masu systemd sun ba da shawarar haka, kuma ACL ɗin, wato jerin izini na mutum-mutum, da shi ake bai wa wanda ke zaune gaban mashin izinin katin sauti da kyamara a /dev. TMPFS_INODE64 ya shigo a 5.9, yana sa lambobin inode, wato lambar shaidar kowane fishiye, su zama na bit 64, a mashin ta zamani ba laifi amma in kana da tsofaffin manhajoji na bit 32 ka bar shi a kashe. TMPFS_QUOTA ya shigo a 6.6, na mashin da mutane da yawa ke shiga ne, kamar ɗakin kwamfuta na makaranta, don kada mutum ɗaya ya cinye /tmp shi kaɗai. Sannan kar ka manta DEVTMPFS da DEVTMPFS_MOUNT, su ba a nan suke ba, suna Device Drivers ƙarƙashin Generic Driver Options. Wanda ba ya son yawo cikin menu zai iya yin haka:

scripts/config --enable SHMEM --enable TMPFS --enable TMPFS_POSIX_ACL --enable TMPFS_XATTR

make olddefconfig

grep -E "SHMEM|TMPFS" .config

Wannan grep na ƙarshe kar ka tsallake shi, domin olddefconfig na iya mayar da zaɓi a kashe shiru in abin da ya dogara da shi bai cika ba. Daga nan make -j$(nproc) ka girka kamar yadda ka saba, ka bar tsohon kernel a GRUB har sai sabon ya tashi lafiya.

To mu zo ɗorawa. Gwajin farko ka yi shi da hannu a wuri na dabam, kar ka fara da /tmp:

sudo mkdir /mnt/ram

sudo mount -t tmpfs -o size=512m,mode=1777,nosuid,nodev tmpfs /mnt/ram

df -h /mnt/ram

df zai nuna 512M, an yi amfani da 0. Nan ne wurin da nake son kowa ya tsaya ya fahimta da kyau: size ba ajiya ba ce, rufi ne. Ba a cire maka mega 512 daga RAM ba, babu ko kilo ɗaya na bayanai da ya tafi sai ka zuba wani abu. Gwada ka gani da idonka, ka buɗe taminal biyu gefe da gefe, a ɗaya ka sa watch grep Shmem: /proc/meminfo a ɗayan ka buga

dd if=/dev/zero of=/mnt/ram/gwaji bs=1M count=300

Kafin ka ɗaga yatsa daga Enter ya gama, lambar Shmem a ɗayan tagar ta yi tsalle da wajen 307200 kB. Ka yi rm /mnt/ram/gwaji ta sauko inda take. Yanzu ka mayar da count ɗin 600, dd zai tsaya a 512 ya ce No space left on device, in mashin ɗinka da Faransanci take kamar ta yawancinmu za ka ga Aucun espace disponible sur le périphérique. Wannan kuskuren alheri ne, shi ne rufin ke aiki, manhaja ɗaya ta samu matsala maimakon mashin gaba ɗaya.

In ba ka rubuta size ba, kernel na ba ka rabin RAM. Kuma kowane tmpfs nashi rabin dabam ne, ba raba rabi ɗaya suke yi ba. Kenan a mashin mai giga 4, /dev/shm na iya kai giga 2, /tmp giga 2, ka ƙara naka giga 2, jimla ta wuce abin da kake da shi kuma kernel ba zai ce maka uffan ba lokacin ɗorawa. Ranar da suka cika tare ne za ka gani. Abin da ya sa cikar tmpfs ta fi cikar RAM ta yau da kullum muni shi ne in Firefox ce ta cinye RAM, OOM killer, sashen kernel da ke kashe manhaja in RAM ta ƙare, zai kashe ta RAM ta dawo, amma fishiyen da ke cikin tmpfs ba na wata manhaja ba ne, ko an kashe wanda ya rubuta shi yana nan, sai kernel ya yi ta kashe manhajoji ɗaya bayan ɗaya yana neman wuri kuma wurin ba a hannunsu yake ba. Don haka a ganina a mashin mai giga 4 kar wani tmpfs da ka ɗora da kanka ya wuce giga 1, mai giga 8 ya tsaya a 2 ko 3, kuma size=0 da ke nufin babu iyaka ka nisance shi. Ana iya rubuta girman da k ko m ko g, ko da kashi kamar size=20%, wannan na kashin yana da daɗi in fstab ɗaya, wato fishiyen da ke lissafa abin da za a ɗora duk tashin mashin, kake kwafa wa mashina masu RAM dabam-dabam.

Wani abu kuma, free -h na iya yaudararka. Abin da ke cikin tmpfs ana lissafa shi cikin buff/cache, mu kuma an koya mana cewa cache ba matsala ba ce kernel zai sake ta in an buƙata. Wannan kason ba ya sakuwa. Ka dubi shafin shared da shafin available, su ne ke faɗin gaskiya.

Akwai nr_inodes, wato adadin fishiye da dosiye da za a iya buɗewa. In ba ka sa ba rabin adadin shafukan RAM ne, a giga 4 mai shafi kilo 4 ya kama dubu ɗari biyar da wani abu. Yawanci ya isa, amma in df -h ya nuna akwai wuri kuma ana ce maka babu wuri, duba df -i. Masu npm sun fi kowa haɗuwa da wannan saboda ƙananan fishiye barkatai.

mode=1777 shi ne irin na /tmp, kowa na iya rubutawa amma ba mai goge na wani. In naka ne kai kaɗai ka sa uid=1000,gid=1000,mode=0700. nosuid da nodev ka sa su kullum, ba su cika hana aikin yau da kullum ba. noexec kuwa da tunani, yana hana a tafiyar da manhaja daga wurin, yana da kyau ga dosiyen cache ko na log, amma in ka sa shi a /tmp ko inda kake haɗa manhaja za ka ga configure na faɗuwa, wasu masu girka manhaja ma da ke zazzage kansu a /tmp sai su ce Permission denied ka rasa dalili.

In wuri ya yi kaɗan kana tsakiyar aiki ba sai ka sauke ba:

sudo mount -o remount,size=1g /mnt/ram

Abin da ke ciki na nan ba ya motsi. Ragewa ma haka, sai dai ba za ka iya ragewa ƙasa da abin da ke ciki ba, zai ƙi.

In ka gamsu sai a mayar da shi na dindindin. Ka kwafi fstab tukuna, sudo cp /etc/fstab /etc/fstab.tsoho, sannan ka ƙara layi:

tmpfs /mnt/ram tmpfs size=512m,mode=1777,nosuid,nodev 0 0

Dan Allah kar ka sake kunna mashin kai tsaye, fstab mai kuskure na iya jefa ka emergency mode. Ka yi sudo umount /mnt/ram, sai sudo findmnt --verify, sai sudo systemctl daemon-reload, sai sudo mount -a, in babu ƙorafi kuma findmnt /mnt/ram ya nuna shi to ka gama. Kuma a sani dindindin ɗin na dosiyen ne ba na abin da ke ciki ba, duk tashi fanko zai zo. In wata manhaja na buƙatar ta tarar da ƙaramin dosiye a ciki, misali /mnt/ram/nginx, sai ka rubuta fishiye a /etc/tmpfiles.d/ mai layi irin d /mnt/ram/nginx 0755 www-data www-data - don systemd ya riƙa ƙirƙirar shi duk tashi, in ba haka ba sabis ɗin zai ƙi tashi ka yi ta neman laifi a wani wuri.

Maganar /tmp kanta. Inda systemd ke riƙe da ita akwai tmp.mount, girmansa kashi 50 na RAM, in kana so ka rage sudo systemctl edit tmp.mount ka sa [Mount] sannan Options=mode=1777,strictatime,nosuid,nodev,size=1G, ko kuma ka rubuta layin /tmp a fstab shi ma yana rinjaye. In ba ka son ta a RAM gaba ɗaya sudo systemctl mask tmp.mount ka sake kunnawa. Ni ra'ayina mai giga 4 da SSD ya bar /tmp a diski, ribar ba ta kai haɗarin ba. Dalili kuwa manhajoji da yawa na zuba manyan abubuwa a /tmp ba tare da sun tambaye ka ba, pip in yana haɗa babban fakiti, sort in ya samu ƙaton fishiye, mai buɗe zip, wasu manhajojin bidiyo. In /tmp ɗinka a RAM take kuma za ka yi irin wannan aikin, sa TMPDIR=/var/tmp a gaban umarnin, yawancinsu na girmama shi. /var/tmp kuwa kar ka taɓa mayar da shi tmpfs, ƙa'idar tsarin dosiyoyin Linux ta ce abin da ke ciki ya tsira bayan sake kunnawa, kuma akwai manhajojin da suka dogara da haka.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce tmpfs ba ya sa komai ya yi gudu kamar yadda ake zuzutawa. Tunda Linux na riƙe rubutu a RAM kafin ya kai diski, bisa tsari na asali yakan bar shi har wajen daƙiƙa 30, ƙaramin fishiyen da aka rubuta aka goge nan take sau da yawa bayanansa ba su ma isa diski ba. Inda bambancin ke fitowa ƙarara wuri uku ne a iya abin da na sani. Aikin da ke yawan kiran fsync, wato tilasta rubutu ya isa diski nan take, kamar gwajin manhaja da SQLite ko PostgreSQL ta gwaji, a diski mai juyawa kowane commit sai an jira faranti ya zagayo, a tmpfs babu jira. Sai tsohon diski mai juyawa da ake wa dubban ƙananan rubutu. Sai katin SD da kile USB, waɗanda rubutu ke cinye rayuwarsu.

Wannan na ukun shi ya fi shafarmu. Masu sa Raspberry Pi a shago ko a biro ko wajen lura da batiran sola, katin SD ne ke fara mutuwa, log na ta rubutuwa dare da rana, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga kuran in ya ɗauke ana tsakiyar rubutu katin na iya lalacewa gaba ɗaya. Rage rubutu a katin na rage duka biyun. Mafi sauƙi ka buɗe /etc/systemd/journald.conf ka sa Storage=volatile da RuntimeMaxUse=30M, log ya koma /run/log/journal da ke RAM. Amma ka san abin da ka sayar, in Pi ɗin ya mutu da dare ka zo da safe babu log ɗin da zai gaya maka dalili. Inda log ke da muhimmanci akwai log2ram, yana riƙe /var/log a RAM yana kwafewa kati lokaci-lokaci, ko ka tura log ɗin wata mashin ta hanyar rsyslog.

Tambaya ɗaya nake so ka yi wa kanka kafin ka sa komai a tmpfs: in kuran ya ɗauke yanzun nan, abin da ke ciki zan iya sake samar da shi ba tare da na kashe kuɗi ko dogon lokaci ba? Fishiyen .o na haɗa manhaja, eh. Hotunan wucin gadi da sikirif ke juyawa, eh. Rahoton ƙarshen karatu da kake rubutawa, a'a ko da wasa. ISO na giga 4 da ka saukar da forfen data da ka saya da kuɗinka, a'a, wannan diski zai tafi tun daga farko. Cache na burawuza ma da ake yawan cewa a kai RAM, a Firefox ta browser.cache.disk.parent_directory a Chrome ta --disk-cache-dir, ni ban goyi baya ba ga mai sayen data da tsada, domin duk tashin mashin cache fanko ne, shafukan da ka saba buɗewa sai sun sake saukar da komai, kana ceton SSD kana ƙona mega. Wanda ke da kwamfutar tebur ba ondular, wato UPS, ba batir ya ƙara tsanantawa, shi a wurinsa ko daƙiƙa ɗaya ta ƙiftawar wuta ta share komai.

In haɗa manhaja kake a ciki, tushen lambobin ya zauna a diski, abin da ake fitarwa ne kawai zai je RAM. A kernel make O=/mnt/ram/gini ke yin haka, a CMake -B /mnt/ram/gini, a Arch BUILDDIR cikin makepkg.conf, a Gentoo /var/tmp/portage ake ɗora wa tmpfs shi kaɗai ba /var/tmp duka ba. Da O= ɗin nan .config ma can yake zama, to ka kwafe shi diski da zarar ka fita menuconfig, awa guda ta zaɓe-zaɓe ba abin bari a RAM ba ce. Kuma kernel mai cikakken config irin na Debian da bayanan debug yana cin gigogi masu yawa, ba zai shiga giga 1 ba, sai ƙaramin config irin na make localmodconfig da aka kashe wa debug.

Swap fa? tmpfs da swap abokan juna ne, fishiyen da aka daɗe ba a taɓa ba sai a tura shi swap RAM ta samu sarari. A ƙaramar mashin zram na taimakawa ƙwarai, swap ne a cikin RAM amma matsattse, a Debian fakitin zram-tools ko systemd-zram-generator, Fedora kuma da shi take zuwa. Amma wannan zuwa swap ɗin na nufin abin da ka ɗauka bai taɓa diski ba yana iya taɓawa. In makulli ne na sirri ko fishiyen da ka buɗe daga ɓoyewa na ɗan lokaci, daga kernel 6.4 akwai zaɓin noswap:

sudo mount -t tmpfs -o size=16m,noswap,mode=0700,uid=1000 tmpfs /mnt/sirri

Tun wajen ɗorawa ake sa shi, remount ba ya canza shi. A tsohon kernel ƙaramin ramfs na root ne mafita. Kuma ko da noswap, in ka sa mashin hibernate duk RAM ake rubutawa a diski har da shi, sai in swap ɗin a ɓoye yake da LUKS.

Masu Docker, /dev/shm na cikin kwantena mega 64 ne kawai in ba ka ce komai ba, shi ya sa Chrome marar taga ko PostgreSQL ke faɗuwa a ciki ba gaira ba dalili, --shm-size=512m ke gyarawa, --tmpfs /tmp:size=200m kuma ya ba kwantenar nata. Zaɓin huge= na manyan shafuka da mpol= na sabar masu NUMA suna nan, amma a laftof ba ruwanka da su.

In wuri ya cika kuma du -sh bai nuna komai ba, akwai manhajar da ta buɗe fishiye aka goge shi tana riƙe da shi, sudo lsof +L1 zai nuna maka ita, ka rufe ta wurin ya dawo. In umount ya ce target is busy, sau da yawa taminal ɗinka ce ke zaune a ciki, cd ka fita, in ba ita ba ce sudo fuser -vm /mnt/ram. Kuma in ka ɗora tmpfs a kan dosiyen da ke da kaya ka ga kayan sun ɓace, kar hankalinka ya tashi, rufe su aka yi ba goge su ba, suna ƙasa a diski suna cin wurinsu, da ka sauke za su bayyana. Wanda kuma yake son ya janye gaba ɗaya, ya kwafe abin da yake so da cp -a zuwa gida tukuna, sannan umount, ya cire layin daga fstab, daemon-reload, ya goge /mnt/ram da rmdir ba rm -r ba, don in har akwai wani abu a ƙasa rmdir zai ƙi ya sanar da shi.